Wurin gashin Umma ya fara saɓulewa, mu dakata ko mu ci gaba?

Assalamu alaikum Anti. Ni ce babbar 'ya mace a ɗakinmu, a Gwammaja muke. Ummanmu shekararta 57. Bara aka gano tana da ciwon daji a mama, aka cire na hagu, ta gama kemo, wato maganin daji na ƙarin ruwa, yanzu ana yi mata gashi da hasken na'ura. An rubuta mata zama 25, ta yi 14. Makonni biyun farko lafiya lau. Yanzu wurin ya yi baƙi ƙirin, ga ƙaiƙayi ga raɗaɗi, hammatarta kuma ta fara saɓulewa. Tana da ciwon suga. Gwaggonmu ta kawo zuma da man kaɗe da man zaitun da wani gari da ta karɓo a Kurmi, ta ce wuta ce ke cin ta, daji kuma ba ya son wuta. Wata maƙwabciya ta ce kada ruwa ya taɓa wurin, yau kwana tara ke nan ba a wanke ba. Yayana ya ce a dakata sai fatar ta warke. Matarsa ta hana yara shiga ɗakin Umma, wai kada hasken ya taɓa su. Umma ta ce ta gaji. Likitan namiji ne, in ya tambaye ta jiki sai ta ce "Alhamdulillahi" ta yi shiru. Anti, me zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da jinya. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya.

Bari in fara da babbar tambayarki kafin zance ya yi tsawo. Kada ku dakatar da gashin nan da kanku, ko na yini ɗaya. In hutu ya zama dole, likitan da ya tsara gashin shi zai faɗa, bayan ya ga fatar da idonsa. An lissafa zaman nan 25 ne a jere, Litinin zuwa Juma'a, don kada ƙwayoyin dajin da suka rage su sami sararin farfaɗowa. Duk ranar da aka tsallake ba bisa tsari ba, su aka yi wa alfarma. Fata za ta warke da yardar Allah, ciwon da aka ba wa hutu shi ne abin tsoro. Ki gaya wa yayanki cikin ladabi cewa shawararsa ta tausayi ce, amma gudun gara ne a faɗa gidan zago. Saura zama 11, mako biyu da yini ɗaya ke nan.

Abin da kika kwatanta, baƙi da ƙaiƙayi da saɓulewa a mako na uku, shi ne abin da mafi yawan masu gashi suke gani, kuma ya zo mata a daidai lokacin da ya saba zuwa. Ba alama ce ta maganin bai karɓe ta ba, ba kuma ciwon ne ya dawo ba.

Kalmar "gashi" ɗin nan ita ta jawo mana rabin wahalar. Bahaushe in ya ji gashi, tukubar mai tsire yake hangowa, garwashi ja wur da nama a kai. To Gwaggo ba ta yi laifi ba da ta ce wuta ce, sunan da muka sa wa abin ne ya gaya mata haka. Ki tambayi Umma ko ta taɓa jin zafi lokacin da take kwance a ƙarƙashin na'urar. Ba ta jin komai sai ƙarar injin. Haske ne wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tun 1895 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ya gano irin wannan haske, kuma ba a rufa shekara biyu ba aka lura yana taɓa fatar masu aiki da shi. Matsalar ta girmi kakanninmu, likitocin gashi sun san ta ciki da bai.

Ga yadda abin yake. Fatar mutum kullum cikin sabuntuwa take. A can ƙasanta akwai ƙwayoyi masu haihuwa, suna turo sababbi sama, na saman suna bushewa suna kakkaɓewa ba tare da mun sani ba, kusan duk wata guda an sake zubi. Hasken gashi yana kama ƙwayoyin da ke saurin haihuwa, shi ya sa yake kashe na daji, shi ya sa kuma yake raunana waɗannan na ƙasan fata, tunda ta cikinsu yake ratsawa. Ki ɗauka gona ce da rumbu. Ran da fari ya faɗa wa gona ba ran nan ake kwana da yunwa ba, akwai hatsi a rumbu. Makonni biyun da kika ce lafiya lau, daga rumbu ake ci. Yanzu rumbun ya yi ƙasa, gonar kuma ba ta kawo sabo kamar da, sai fatar ta yi siriri, ta bushe, ta fara saɓulewa. Ga wadda aka cire wa mama ma, sau da yawa da gangan ake son hasken ya kai ga fatar ƙirji, domin nan ciwon kan ɓuya. In kin taɓa jin Umma ta ce ana shimfiɗa mata wani abu mai laushi kamar roba a ƙirji kafin a kunna na'ura, aikinsa ke nan.

Wannan lissafin gona da rumbu yana da wani ɓangare da nake so ki shirya masa tun yanzu. Ran da aka yi zama na 25 ba ran nan abin zai tsaya ba. Yakan ƙara tsananta har mako ɗaya zuwa biyu bayan an gama, sannan ya juya. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Iyalai da yawa a nan suke rikicewa, su ce an gama magani amma jiki ya ƙara lalacewa, sai a nufi wurin mai magani. Ki gaya wa mutanen gidanku yau, tun kafin ranar ta zo, don in ta zo su ce ai an faɗa mana.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarki, wato "Alhamdulillahi" ɗin Umma. Godiya ga Allah wajibi ce, amma likita ba ya rubuta magani a kanta. Littattafan da aka koyar da ma'aikatan asibiti da su, yawancinsu a kan farar fata aka rubuta, alamar farko da suke koyarwa ita ce wuri ya yi ja. Mu kuwa fatarmu ba ta cika yin ja ba. Duhu take ƙarawa, ta yi ƙyalli, ta yi ɗumi, wani lokaci ta ɗan kumbura. Masu kwantar da ita a na'ura suna ganin ƙirjinta kullum, gaskiya ne, amma ɗakin ba shi da haske sosai, idonsu yana kan saita alamomi, ga layin mutane a waje. Ƙaiƙayin da ya hana ta barci ba wanda zai gan shi sai an faɗa. Saboda haka ke ce bakinta. A zama na gaba ki shiga da ita, ki ce kina son likita ko nas ya duba fatar kafin a hau na'ura. In kunyar namiji ce, ki roƙi a haɗa ku da nas mace, ba abin mamaki ba ne a wurinsu. Ki faɗi abin da sunansa: hammata ta saɓule tun ranar kaza, tana tashi sau kaza da dare saboda ƙaiƙayi, ga ciwon suga, ga kwana tara ba a wanke ba. Idan Umma ta yarda, ki riƙa ɗaukar hoton wurin da wayarki duk bayan kwana biyu, da rana, kusa da taga, ban da fuskarta, kuma kada hoton ya bar wayarki sai gaban likita.

Sai wanka. Maƙwabciyarku tsohon labari ta riƙe, domin a da can likitoci da kansu sukan hana ruwa ya taɓa wurin gashi. Daga baya aka gwada, aka ga waɗanda suke wankewa a hankali ba su fi masu bari wahala ba, hasali ma sukan fi samun sauƙi. Ki tuna kuma Kano muke. Gumin kwana tara a hammata mai rauni, ga suga a jiki, gayyatar ƙwayoyin cuta ce da kati.

Ki surka ruwa ya yi ɗumi kaɗan, ki gwada da gwiwar hannunki kamar za ki yi wa jariri wanka. Sabulu marar ƙamshi, irin na jarirai. Ki yi kumfar a tafin hannu, ki ɗora a wurin da hannu kawai, ki zuba ruwa ya gangara ya tafi da ita. Soso kuwa ki ɗauke shi daga banɗakin gaba ɗaya, domin na san iyayenmu, in ba su dirje jiki ba gani suke ba su yi wanka ba, kina juya baya za ta ɗauka. Sabulun salo da sabulun magani masu ƙarfi da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti, duk a ajiye su. In an gama, ki samo tsohon zanen atamfa wanda ya sha wanki ya yi laushi, ki riƙa dannawa a hankali kina ɗagawa, ban da gogawa. Hammata da ƙasan tabon aikin su ne wuraren da ruwa ke maƙalewa. Ta ɗaga hannu gwargwadon iyawarta, fanka ko mafici ya busar da wurin kafin ta sa riga. Alamomin da aka zana mata da tawada, da su ake saita na'ura, kada a kankare su, in kuma sun dusashe kada ki ɗauki biro ki gyara, ki nuna musu su sake.

In wankan ibada ne ya kama, bin jiki da hannu a hankali ya wadatar, ba a ce sai an dirje ba. Wurin da aka rufe da bandeji kuma malamanmu sun daɗe da bayanin shafa a kansa. Ta tambayi malamin da ta amince da shi don hankalinta ya kwanta.

Ki duba bayanta ma. Hasken yakan shiga ta gaba ya fita ta baya, musamman in ana gasa har saman ƙashin wuya. Za ki iya tarar da wani duhu a bayan kafaɗarta wanda ita ba ta gani. Shi ma kulawa ɗaya ake yi masa.

Mu zo kan ledar Gwaggo. A nan sai in ba ki labarin kaina, don kada ki ɗauka daga sama nake magana. Shekarun baya na yi jinyar yayata, a lokacin mutumin Kano in an rubuta masa gashi sai ya kama hanyar Zariya ko Abuja ko Sakkwato. Mu Zariya muka yi, muka kama ɗan ɗaki a Samaru. Wani dare a mako na huɗu ƙaiƙayi ya hana ta barci, ba wuta, ba fanka, tana ta juyi a kan katifa. Na laluba jakata na ciro man zafin nan da muke shafawa in mura ta kama mu, na ce ai yana sanyaya wuri. Na lakata na shafa mata. Ban rufe kwalbar ba ta miƙe zaune tana salati, hawaye na zuba, ta riƙe hannuna ta ce in kawo ruwa. Muka kwana ina zuba mata ruwa da buta a kan roba. Da safe nas ta duba wurin, ta dube ni, ta ce, "Hajiya, me kika sa?" Na nuna mata. Ba ta yi mini faɗa ba, ta karɓi kwalbar ta jefa a aljihunta, ta ce in an sallame mu in zo in karɓa. Ban koma karɓa ba. Ni da nake son yayata kamar raina, ni na ƙara mata ciwo da hannuna.

To haka Gwaggo take, so ne ya kawo ta da ledar nan. Amma garin da ta karɓo a Kurmi kada ya kusanci wurin. Ba ku san abin da ke ciki ba, ba ku san inda aka shanya shi ba, fatar kuma a buɗe take. Haka zumar kasuwa. Akwai zumar da aka tace aka kashe ƙwayoyin cutar cikinta don aikin rauni a asibiti, ba ita ce wadda ake zubawa a gorar ruwa a bakin titi ba, wannan ta shan shayi ce, in ma ba a haɗa ta da sukari ba. Duk abin da muka saba ɗorawa a ƙunar wuta, su ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja, kamu, babu ko ɗaya da ya dace. Ƙanƙara ma a'a, tsumman ruwan zafi ma a'a. Sifirit da aidin da hoda da lemon tsamin da wasu ke gogawa a hammata, duk a'a. Reza kada ta taɓa hammatar nan. Maganar daji ba ya son wuta, ko ba ya son ƙarfe, ko ba ya son allura, ita ce ta zaunar da mata da yawa a gida har ciwo ya fashe, kuma duk wadda ta taɓa zaman jinya a Asibitin Malam ko na Murtala ta ga irinsu.

Man zaitun ne zan yi wa adalci. A 2023 wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya tace abubuwan da aka gwada don kare fatar masu gashi, man zaitun yana cikin 'yan kaɗan da suka amince da su. Sai dai a kan fatar da ba ta fashe ba ake nufi, kuma mai kyau, ba wanda aka sirka da man gyaɗa ba. Man kaɗe tsantsa, wanda ba a zuba masa turare ba kuma bai yi ɗoyi ba, yana laushin fata, wasu cibiyoyi sukan bari a shafa. Ki kwashi su biyun ki kai wa nas ta gani, abin da ta ce shi za a bi, domin kowace cibiya da tsarinta. Wannan ma hanya ce ta fita kunyar Gwaggo. Ki ce mata an kai kayanta asibiti, an zaɓi man zaitun ɗinta, ki ba ta aikin shafa wa Umma a ƙafa da hannu da baya. Dattijuwa in aka ba ta aiki ba ta neman wani. In an kawo rubutu ko tofi aka ce a sha a shafa, a shafa a fuska da hannuwa, a tsallake wurin gashi.

Abin da ake so a fatar da ba ta fashe ba shi ne mai marar ƙamshi, a shafa siriri sau biyu ko uku a yini, da hannu mai tsabta, ba murzawa. Kada a lafta shi dab da shiga na'ura, ki tambaye su tazarar da suke so. Don ƙaiƙayi da kumburi akwai mayukan da likita ke rubutawa, irin su mometason da betametason, an gwada su an ga suna rage tsananin abin. Likita ne zai rubuta, ya faɗi inda za a shafa da tsawon kwanakin. Kada ki je kemis a miƙo miki man nan da ake cewa mai aiki uku, haɗin gambiza ne, ba don wannan aka yi shi ba. Akwai kuma wata 'yar leda siririya mai suna Mepitel Film da ake mannawa a ƙirji tun farkon gashi don rage gogayya. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba, na ambata ne kawai don in kin ji sunan kada ya zame miki baƙo.

Hammatar ita ce wurin da za ki sa wa ido. Saɓulewa iri biyu ce. Akwai busasshiya, fata tana furfura tana zuba kamar ƙafar yaro da hunturu, wannan mai take so, kuma kada a ɓare ta da farce. Akwai jiƙaƙƙiya, inda saman fatar ya tafi, ƙasan ya fito jajaja yana tsattsafo da ruwa yana manne wa riga. Ta fi fitowa inda fata ke gogar fata. In ta kai nan, an daina shafa man gida a wurin, aiki ya koma hannun nas. Za su wanke da ruwan gishirin asibiti, irin na ƙarin ruwa, su rufe da bandejin da ba ya mannewa, su nuna miki yadda za ki canja a gida. Kada ki ɗora auduga kai tsaye, zarenta yana shiga raunin. Kada ki manna filasta a kan fatar da ake gasawa, ranar cirewa da fatar za ta taho. In bandeji ya kama, ki jiƙa shi da ruwan gishirin har ya saki da kansa.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar zama a kansu. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko rawar sanyi, ko mugunya, ko wari, ko kumburi da zafi suna yaɗuwa zuwa inda ba a gasawa, ko jini, ko raɗaɗin da ya fi ƙarfin maganin da aka ba ta. Ko da tsakar dare ne, asibiti. Ki sayi ma'aunin zafi ki ajiye, ki riƙa aunawa kafin ki ba ta farasitamol, domin yana ɓoye zazzaɓi. Wadda ta gama kemo ba da daɗewa ba garkuwar jikinta ba ta gama dawowa ba, suga kuma in ya hau rauni ba ya haɗewa da wuri. Maganin sugarta kada ya yi fashi, gwajin ma haka.

Sutura kuwa, abin da zai taɓa wurin ya zama auduga mai laushi, mai faɗi. Tsohuwar doguwar rigar atamfa, ko singiletin maza babba a juya shi ɗinkin ya koma waje. Leshi da shadda mai sitati da rigar nono su huta. Hijabin nan mai santsi da ba ya shan gumi, a bazarar Kano da zafi ke haura digiri 40, tukunya ce aka rufe. A waje ta sa mai sauƙi wanda zai kare wurin daga rana, in ta dawo ɗaki ta cire, ta kwanta ta ɗaga hannu a kan matashi iska ta shiga, ki ja labule ki tsare ƙofa daga 'yan dubiya na ɗan lokaci. Da hunturu kuma bushewa ce abokiyar gaba, sai a ƙara yawan shafa mai. A adaidaita sahu ta zauna ta yadda ɓangaren hagu ba zai gogi ƙarfe ko kafaɗar wani ba, jaka kuma a rataya a dama. A ɗauraye kayanta sosai kada garin sabulu ya rage a zare.

Na san abin da zai fi yi mata ciwo a cikin wannan jerin: turare. Macen Kano a raba ta da humra da turaren wuta, an taɓa ta. Ba a ce ta daina ƙamshi ba. A turara mayafi da hijabi da ɗaki, a sa humra a bayan kunne da wuyan hannu. Rigar ciki kawai za a bari ba turare, ita kuma kada ta tsuguna a kan kasko. Haka bakin murhu da kurfoti, tururin tukunya yana dukan ƙirji, girki ya koma hannunku.

Abinci ba sai na tsawaita ba. Fata da nama ake gina ta, to a ba ta wake, ƙwai, kifi, nono, alale, ƙosai, miyar zogale, gwargwadon abin da sugarta ta yarda da shi, da ruwa mai yawa. Ƙwayoyin ƙarin kuzari da jiƙe-jiƙe a tambayi likita kafin a sha. Ki yanke mata farce, saboda susar cikin barci.

Matar yayanki kuma ki zaunar da ita ki yi mata bayani ba da faɗa ba, tsoron uwa ne. Irin gashin da ake yi wa Umma daga na'ura yake fitowa, ana kashe ta ya ƙare, kamar yadda ɗaki ke yin duhu in an kashe fitila. Ba ta tahowa gida da komai a jikinta. Ciwon daji kansa ba a ɗaukarsa. Jikokinta su shiga, su ci a kwano ɗaya da ita, su kwanta a gadonta, a dai koya musu su zauna ta dama kada su faɗa mata a ƙirji. "Na gaji" ɗin da take faɗa, wani ɓangarensa gajiyar gashi ce ta gaske, wadda ke taruwa a jiki mako bayan mako. Wani ɓangaren kuma ina zargin ɗakin ne da ya yi shiru. Mace ta rasa mama, ta rasa suma, sannan a ɗauke mata jikoki.

Bayan an gama, in wancan mako biyun mai wuya ya wuce, raunin yakan haɗe cikin 'yan makonni. Baƙin shi ne mai nawa, yana ɗaukar watanni yana washewa, wani lokaci ɗan duhu ya zauna. A nan ne wata za ta zo da man bilicin ko haɗin dilka da kurkum ta ce za ta gyara wurin. Kada ki bari. Fatar da aka gasa ba ta komawa daidai da sauran, ta fi saurin jin rana, ta fi saurin rauni, gumi da gashin hammata ma kan ragu. Wanzami kada ya yi ƙaho ko tsaga a wurin, ko bayan shekaru. Motsa kafaɗar da aka koya mata bayan aiki ta ci gaba da yi, don kada wurin ya ɗaure. In kuma an sake sa mata wani maganin daji daga baya kika ga wurin gashin ya tashi kamar sabo, yana faruwa, ki gaya wa likita.

Yau da daddare ki surka ruwan, ki wanke mata wurin nan da hannunki. Gobe ki sa man zaitun da man kaɗe da garin Kurmi a leda ɗaya, ki rubuta tambayoyinki a takarda don kada su gudu in kin ga farar riga, ku fita da wuri. Ki gaishe mini da Umma, ki ce Anti ta ce saura 11.